Karnukan Sake a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan: Matsayin Gidan Ceto Tsakanin Jinƙai da Kiyaye Lafiyar Al'umma

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin halin da karnukan da ke yawo sakaka suke ciki a ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna, sannan ta auna irin gidan ceton da zai dace da yankin. An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce da kwatanta abin da aka gwada a wasu ƙasashe. Maƙalar ta nuna cewa akasarin karnukan da ake ɗauka ba su da mai su, suna da wanda za a iya tuhuma a kansu. Don haka kisan kan mai uwa da wabi da tsarewar dindindin duk ba sa magance matsalar. Abin da ya dace shi ne ƙaramar cibiyar ceto wadda aikinta zai ta'allaƙa a kan rigakafi da jinya da taƙaita haihuwa da mayar da kare inda aka ɗauko shi.

1.0 Gabatarwa

Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasar noma ce da kiwo da kasuwanci. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum kusan 194,000 a Ikara, kusan 146,000 a Maƙarfi, da kusan 139,000 a Kudan. An san yankin da rake da tumatir da masara da barkono, da kasuwannin mako da ke haɗa fatake daga Kano da Zariya. A tsakanin garuruwa irin su Paki da Gubuci da Hunƙuyi da Likoro akwai ƙauyuka da rugage da unguwannin mafarauta, kuma a duk waɗannan wurare kare na da aikin yi: gadin gida, rakiyar shanu, tsaron gona da farauta.

Duk da wannan hidima, kare ne dabbar da ta fi kowace rashin gata a cikin dabbobin gida. Ana yi wa shanu allura, ana yi wa awaki turke, ana yi wa kaji akurki, amma kare shi ke neman abincinsa da makwancinsa. Ba a tuna shi sai ranar da ya ciji yaro.

1.1 Manufar Maƙala

Maƙalar na da manufofi uku. Na farko, rarrabe nau'o'in karnukan sake da fito da musabbabin yawaitarsu. Na biyu, bayyana alaƙar da ke tsakanin wahalar da suke sha da haɗarin cutar haukan kare ga mutane. Na uku, tantance siffar gidan ceton da ƙaramar hukuma za ta iya kafawa ta kuma riƙe.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

2.1 Ra'ayin Kisa

Wannan shi ne ra'ayi mafi daɗewa a wurin hukumomi: a rage yawan karnuka da harbi ko guba, cuta za ta ragu. Abin da ya faru a tsibirin Flores na ƙasar Indonesiya ya raunana shi. Windiyaningsih da abokan aikinta (2004) sun ruwaito cewa an kashe karnuka kusan 300,000 a tsibirin bayan ɓullar cutar a ƙarshen shekarun 1990, amma cutar ba ta gushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa kisa shi kaɗai ba ya kawar da cutar haukan kare.

2.2 Ra'ayin Tsarewa

Gidan ajiyar karnuka ya samo asali ne daga Turai da Amurka. A shekarar 1860 Mary Tealby ta kafa gidan da daga baya aka sani da Battersea a birnin Landan, kuma a 1866 Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a New York. Tsarin ya ginu a kan sharuɗɗa biyu: samun masu ba da gudummawar kuɗi a kai a kai, da samun iyalan da za su zo su ɗauki kare su riƙe shi a cikin gida. Inda babu waɗannan sharuɗɗa, gidan kan cika cikin 'yan watanni ya koma matattarar yunwa da cuta.

2.3 Ra'ayin Rigakafi da Mayarwa

Coleman da Dye (1996) sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi, yaɗuwar cutar kan tsaya. A birnin Jaipur na Indiya, wata ƙungiya ta fara kama karnukan titi a 1994, tana yi musu aikin hana haihuwa da allura, tana mayar da su unguwanninsu. Reece da Chawla (2006) sun ruwaito cewa mutuwar mutane daga cutar ta sauka zuwa sifili a yankin da aikin ya shafa. Kusa da gida kuma, an yi gangamin allura a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, kuma Zinsstag da abokan aikinsa (2017) sun nuna cewa yaɗuwar cutar ta katse a birnin na wani lokaci, kafin karnukan da ke shigowa daga waje su dawo da ita.

2.4 Ayyukan da Aka Yi a Nijeriya

Umoh da Belino (1979) sun bi tarihin cutar a Nijeriya, inda aka fara rubuta ta a jikin mutum a 1912, aka kuma tabbatar da ita a jikin kare a 1925. Masana a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki mai yawa a kan yankin Zazzau. Dzikwi da Ibrahim da Umoh (2012) sun auna sanin da yaran makarantun boko da na allo suke da shi game da cutar a Samaru. Odeh da Umoh da Dzikwi (2014) sun duba haɗarin da masu sarrafa naman kare ke ciki a Zariya da Kafancan. Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga cutar. Wannan maƙala ta ɗora a kansu ta fuskar halin da karen kansa yake ciki.

2.5 Mahangar Fiƙihu

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin yankin, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma tana fassara wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai da cewa bauta ce, ba don najasa ba. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Hadisi na biyu yana da muhimmanci ga duk mai tunanin gina gidan tsare dabbobi: wanda ya kulle dabba, ciyar da ita ya hau kansa.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An tattara bayanai daga maƙalun mujallun likitancin dabbobi, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, da babi na 7.7 na kundin Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya wanda ya shafi sarrafa yawan karnuka, da kuma dokokin Nijeriya. An ɗora nazarin a kan ra'in Lafiya Ɗaya, wanda ke kallon lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a matsayin abu guda. An yi amfani da ma'auni uku wajen tantance kowace dabara: tasirinta ga yaɗuwar cuta, tasirinta ga walwalar kare, da yiwuwar ɗorewarta da kuɗin ƙaramar hukuma.

4.0 Ƙwanƙwance Bayanai

4.1 Rabe-raben Karnukan Sake

Ana iya kasa karnukan da ke yawo a yankin gida biyar.

(a) Karen gida: yana da mai shi da suna, yana kwana a ƙofar gida, amma ba a ɗaure shi.
(b) Karen farauta: yana ƙarƙashin mafarauci, ana kula da shi sosai a lokacin farauta.
(c) Karen ruga: yana bin garke, yana ƙaura tare da makiyayi.
(d) Karen unguwa: ba mutum ɗaya ke da shi ba, amma mahauta ko masu gadi ko masu sayar da abinci sun san shi, suna jefa masa abin da ya rage.
(e) Karen bola: ba shi da kowa, yana gudun mutane.

Binciken da aka yi a wasu sassan Afirka ya nuna cewa rukuni na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta. Kayali da wasu masana (2003) sun ƙiyasta marasa mai su a unguwannin Njamena tsakanin kashi 1 zuwa kusan 11 cikin ɗari, Gsell da abokan aikinta (2012) kuma sun sami ƙasa da kashi 1 a Iringa ta Tanzaniya. Dalilin a fili yake: bolar talaka ba ta da abincin da zai riƙe kare mai yawa ba tare da hannun mutum ba. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan karnukan sake akwai wanda zai iya kiran su su zo, kuma karen da ke amsa kira ana iya yi masa allura.

4.2 Musabbabin Yawaitarsu

Na farko shi ne abinci. Wanda ya tsaya bayan rumfunan mahauta da yammacin ranar kasuwa zai ga yadda abin yake. Da zarar an fara kwashe faranti, karnuka kan taru nesa kaɗan, suna jiran a zubar da tumbi da jini da ƙashi. Manya su fara ci, ƙanana da gurgu su jira abin da ya saura. Yawan karnukan wuri yana bin yawan irin wannan abinci ne.

Na biyu shi ne haihuwa barkatai. Karya kan balaga kafin ta cika shekara, cikinta kimanin kwana 63 ne, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya. Masu neman ɗan kwikwiyo sun fi son namiji, sai a kwashi matan a zubar a bayan gari. Waɗanda suka rayu su ne uwayen karnukan bola na baɗi.

Na uku shi ne sauyin yanayin sana'a. Farauta aikin rani ce. Idan damina ta faɗi, mafarauci ya koma gona, hatsin rumbu ya ja baya, sai rabon kare ya ragu, ya shiga gari neman na kansa. Karen da ya tsufa ko ya karye a daji ma sau da yawa watsi ake yi da shi.

Na huɗu shi ne fatauci. Ana sayen karnuka daga jihohin Arewa ana kai su kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga nan a wuce da su kudu. Ana cusa su a keji ɗaya, masu lafiya da marasa lafiya, suna cizon juna a hanya. Wannan zirga-zirga na ɗaukar cuta daga wata ƙasa zuwa wata.

4.3 Halin da Suke Ciki

Karen sake na fama da yunwa da kaska da ƙuma da tsutsar ciki da ƙazuwa mai cinye gashi har fata ta tsage. Motocin da ke bin hanyar Zariya zuwa Kano da hanyoyin da suka ratsa yankin suna take wasu, suna bar wa wasu karaya da ba mai ɗaurewa. Karya mai jego takan ɓuya a cikin kwalbati ko kango, haƙarƙarinta a waje, nononta na ja da ƙasa. Yara su gano wurin, su yi ta jifa. Ita kuwa tana tsaron 'ya'yanta, sai ta kai cizo. Daga nan sai ihu ya tashi cewa mahaukacin kare ne, a bi ta da sanduna, 'ya'yan su mutu a ramin bayan kwana biyu.

Wannan misali na nuna yadda zalunci ke haifar da cizo. Karen da ya saba da jifa yana tsoron hannun mutum, kuma karen da ke tsoron hannu ba ya kamuwa ranar allura.

4.4 Haɗari ga Mutum da Dukiya

Hampson da abokan aikinta (2015) sun ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, sama da 1,600 daga cikinsu a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma kimanin kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na shiga ta miyau, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Da zarar alamu sun fito, irin su firgita da ganin ruwa da dalalar miyau, da wuya ƙwarai a tsira. Shanu da awaki da jakuna ma na kamuwa, don haka asarar ta shafi makiyayi kai tsaye.

Abin da ke ceton rai shi ne wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a fara allurar bayan cizo a ranar. Al'adar ƙona gashin karen a shafa a ciwo ba ta kashe ƙwayar cutar, illa dai ta cinye kwanakin da ya kamata a yi allura a cikinsu.

4.5 Gazawar Kisa

Idan aka kashe karnukan unguwa alhali bola da kwata suna nan yadda suke, wasu karnuka daga maƙwabta kan shigo su cike gurbin, waɗanda suka saura kuma su ƙara hayayyafa saboda abinci ya wadata. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Bugu da ƙari, karen da ya fi sauƙin samu shi ne mai sabo da mutane, wato wanda aka fi yiwuwar an yi wa allura, don haka kisa na rage garkuwar da karnukan wurin ke da ita daga cutar maimakon ƙara ta. Masu karnuka kuma kan ɓoye su ko su kai su wani ƙauye idan suka ji labarin kisa, su tafi da cutar can. Gubar da ake sakawa a nama ba ta zaɓe: tana kashe kaji da kyanwa da ungulu, tana kuma iya faɗawa hannun yaro. A bisa ma'aunai ukun da aka ambata a sashe na 3.0, kisa ya faɗi a biyu, a na ukun ma ɗorewarsa ta maimaita asara ce. Wannan bai hana kashe karen da likita ya tabbatar ya kamu ba, ta hanyar da ba azabtarwa.

4.6 Siffar Gidan Ceton da Ya Dace

Gidan da zai tara ɗaruruwan karnuka har ƙarshen rayuwarsu bai dace da yankin ba, domin babu kasuwar masu ɗaukar karen ɗaki, kuma kuɗin ciyarwa zai cinye kuɗin allura. Abin da ya dace shi ne cibiyar ceto ta wucin gadi, mai 'yan ɗakuna kaɗan, a jikin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, da ayyuka huɗu.

Na ɗaya, killacewar sa ido. Karen da ya ciji mutum a tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. Idan ya wuce kwanakin lafiya lau, alama ce ba ya ɗauke da cutar a miyansa lokacin cizon. Idan ya mutu, a aika da kansa ɗakin gwaji a Zariya ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Kashe kare a binne nan take yana binne hujjar da likita ke buƙata. Ba a jinkirta allurar wanda aka ciza don jiran sakamako.

Na biyu, jinyar gaggawa ga masu karaya da ƙazuwa da karya mai jego.

Na uku, taƙaita haihuwa ta hanyar fiɗiya ga maza da cire mahaifa ga mata, tare da fifita mata, domin yawan 'ya'ya daga gare su yake.

Na huɗu, mayarwa ko sauya hannu. Karen unguwa ya koma unguwarsa da alamar allura a wuya. Marar kowa kuma a haɗa shi da manomi ko makiyayi ko mai gadi da ke neman karen aiki, a rubuta sunan wanda ya karɓa.

4.7 Doka da Masu Alhaki

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin tsara riƙo da zirga-zirgar dabbobin gida irin su kare, da kula da mayanka da kasuwanni da kwashe shara. Duk igiyoyin matsalar, ke nan, suna hannun ƙaramar hukuma. A matakin ƙasa, Cibiyar Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar rigakafin karnuka, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin shekara biyar na kawar da cutar, daidai da burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga gare ta zuwa shekarar 2030. Ƙasar Meziko ta sami shaidar cimma wannan buri a 2019 ta hanyar allurar karnuka kyauta duk shekara.

Yankin na da abin da wasu wurare ba su da shi. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Shehu Idris tana Maƙarfi, inda ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma da na tsaftar muhalli. Akwai kuma sarautun gargajiya da suka san kowane kare da mai shi: Sarkin Baka a kan mafarauta, Arɗo a kan rugage, Sarkin Fawa a kan kwata, Mai Unguwa a kan gidaje.

5.0 Shawarwari

1. Kowace ƙaramar hukuma ta gudanar da ƙidayar karnuka gida-gida ta hannun dagatai da masu unguwanni, domin kashi 70 ba ya lissaftuwa sai an san jimilla.
2. A yi allura kyauta sau ɗaya a shekara, a farkon rani, lokacin da hanyoyi suka bushe kuma mafarauta ke tara karnukansu. A yi ta a ƙananan hukumomin uku a lokaci guda, don kada abin da ya sami Njamena ya maimaitu.
3. A keɓe ɗakunan killacewa a asibitin dabbobi na Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, da kasafin abinci a rubuce.
4. A haƙa ramukan zubar da sharar kwata masu murfi a kasuwannin mako, tare da fara ciyar da aikin taƙaita haihuwa gaba a lokaci ɗaya, don kada yunwa ta kora karnuka cikin gidaje.
5. A tanadi allurar bayan cizo a manyan asibitocin yankin a farashin da talaka zai iya.
6. Limamai da malaman makarantun allo da na boko da shugabannin coci su koyar da yara abu biyu: kada a jefi kare, kuma in ya yi cizo a wanke da sabulu a faɗa wa babba. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, dama ce ta yin hakan.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa karen sake a Ikara da Maƙarfi da Kudan ba baƙo ba ne daga daji. Daga gidajen yankin da rugagensa da kasuwanninsa ya fito, kuma sakacin mutane ne ya mayar da shi abin tsoro. Ta nuna kuma cewa kisa ba ya kawar da cuta, tsarewar dindindin ba ta ɗorewa, amma rigakafi ya yi aiki a Njamena da Meziko, rigakafi tare da taƙaita haihuwa kuma sun yi aiki a Jaipur. Karen da aka yi wa allura, aka bar shi a unguwarsa, shi ne katanga tsakanin cutar da yaran unguwar. Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da hakimai da likitocin dabbobi su sanya allurar karnuka da ɗakin killacewa a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, domin doka ta riga ta ɗora musu wannan nauyi.